Mama Saja, Mai Kawo Mana Labari Gidan Suna

Kowace safiya, kafin yara su fito makaranta, Dorathy Buwai takan ajiye ƙaramin babur ɗinta a gindin darbejiyar da ke gaban ofishin 'yan sandan garinmu. Ta share baranda da hannunta, ta cika randa, ta jawo bencin masu kawo ƙara zuwa inuwa, sannan ta zauna. An daɗe da ƙara mata girma zuwa sufeto, amma har yau Mama Saja muke ce mata. A ƙarshen watan nan za ta ajiye kaki, shekarun aikinta sun cika.

'Yar wani ƙauye ce kusa da mu, iyayenta manoma. Kirista ce, kuma babu gidan suna a garin nan da ba a aika mata da goro. Ba don abinci ake kiranta ba. Tun zuwanta ta lura cewa duk abin da ya faru a gari, maza suna jin gefensa a kasuwa ko a majalisa, mu mata kuwa sai abin da aka ga dama aka shigo mana da shi. Ta nemi izini a wajen shugaban ofishinsu, ta yi ta nema har ya gaji ya ba ta. Daga nan, duk ranar suna, in an gama rabon tuwo, sai ta zauna a kan turmi ta faɗa wa mata irin ƙarar da aka kawo musu kwanan nan: me aka yi, a wane wuri, da wane lokaci na yini, kuma ina maganar ta tsaya. Sunan mutum dai ba ta taɓa faɗa ba.

Da farko abin dariya muka ɗauke shi.

"Mama Saja, yau akuyar wa aka ɗauke?" in ji wata tsohuwa.

"Taki ce ta gaba, Hajiya, in ba ki sa an gyara dangar nan ba."

Haka ake yi, har damunar da yayata Ramlat ta haihu. Lokacin na dawo daga jami'a. Ni ba mai son shiga taro ba ce, don haka na maƙale a gefen rijiya ina wanke kwanuka, kuma daga nan nake ganin fuskar kowa. Mama Saja ta shigo ba ta yi wasan da ta saba ba. Ta ce a fitar da yara, ta jira har aka fitar da su.

Ta ce, "Tun da dawa ta yi tsayi ta rufe hanyar rafi, akwai wani mutum da yake tare 'yan mata masu kai abinci gona. Da azahar yake yi, lokacin da hanya ta ɗauke ƙafa. Ba sau ɗaya aka kawo mana ba, ba sau biyu ba. Waɗanda suka zo sun fi yatsun hannuna ɗaya, kuma ban san yawan waɗanda ba su zo ba. Har yanzu ba mu kama shi ba."

Wata mata da ke ɗaura zani ta tsaya da hannunta a ƙugu kamar ta manta abin da take yi. Ni kuwa hanyar na tuna. Ƙanwata ta bi ta a ranar da safe, za kuma ta bi ta washegari.

Sai Inna Safiyatu, mai sayar da ƙuli-ƙuli, ta yi magana da muryar da ban taɓa ji daga bakinta ba. "Na zata mu kaɗai ne."

"Inna, tsaya nan," in ji Mama Saja. "Kada ki ƙara ko kalma. Ba suna na zo nema ba."

Amma Inna Safiyatu ta riga ta faɗa. Na ga wata ta sunkuyar da kai, wata ta rufe baki da mayafi, wata kuma ta tashi ta shige ɗaki. Maƙwabta ne. Rijiya ɗaya suke ɗiba, suna gaisawa safe da yamma, kowace tana ɗauke da abin ita kaɗai, tana zaton ɗiyarta ce ta yi sakaci. Wasu ma dukan yaran suka yi. Har yau in na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Daga baya muka ji cewa wajen mai unguwa, Malam Nababa, Mama Saja ta fara zuwa kafin ta shigo gidan sunan. Waɗanda ke zaune a ƙofar gidansa sun ce roƙonta ya yi.

"Mama Saja, a rufa asiri. In maganar nan ta fita, wa zai zo neman aure garin nan?"

"Ranka ya daɗe, asirin yaran a rufe yake, kuma da shi zan shiga kabari. Asirin hanyar ne ba zan rufe ba. Gobe ma akwai masu bin ta."

Malam Nababa ba mugun mutum ba ne. Tsoro ya ji, irin wanda mu duka muke ji. Wannan tsoron ne mutumin can yake ɓuya a cikinsa, fiye da yadda yake ɓuya a cikin dawa.

A ranar sunan, kafin magariba labari ya kai kunnen maza. Washegari Baba Maikuɗi, wanda gonarsa ce ta fi tsawo a bakin hanyar, ya ɗauki adda ya sare dawarsa ta gefen hanya, tana ɗanya, ba ta ko fitar da kai ba. Duk wanda ya san darajar dawa a gidan manomi ya san abin da ya zubar. Sauran suka bi shi. Daga shekarar har yau, ba a shuka dawa ko gero a bakin hanyar rafi. Gyaɗa ake sa wa da wake, yadda wanda ke bakin gari zai hangi wanda ke bakin ruwa.

Iyayen da suka yi shiru sun riƙa zuwa wajen Mama Saja ɗaya bayan ɗaya, kowa da ɗan abin da ɗiyarsa ta gani. Da haka aka kama mutumin. Ba baƙo ba ne, mutum ne da muke gaisawa da shi. Da shari'ar ta yi ta jinkiri, ba ta ɓoye mana ba. A gidan suna ta ce, "An sake ɗagawa. Ni ma ban ji daɗi ba." Da aka yanke hukunci ma, a gidan suna muka ji.

Mama Saja, ke ce kika nuna mana cewa abin da aka kai ƙara ofis namu ne, a kanmu ya faru, kuma muna da haƙƙin sani. Mai riƙon amana, ba ki taɓa sayar da sunan kowa ba. An ce da ke mai tonon asiri, wasu sun daina amsa gaisuwarki, ba ki fasa shigowa ba.

Na tambayi ƙawayena na wasu garuruwa ko ana faɗa musu irin wannan. Dariya suka yi mini. Ina roƙon 'yan sandan da za su karanta wannan su dubi abin da mace ɗaya ta yi da izinin shugabanta. Ku ma mutanen gari, ku je ofishin 'yan sandanku ku tambaya.

Wanda zai gaje ta a aikin kawo mana labari, Kofur Basiru, namiji ne, ba zai shiga cikin gidan matan aure ba. Na ɗauka a nan abin zai mutu. A sunan makon jiya, Mama Saja ta zo da shi ta tsayar da shi a zaure. Ya tsaya yana ta murza hula, ya rasa ta inda zai fara. Sai Inna Safiyatu ta jawo kujerarta bakin zauren ta zauna.

"Ɗan nan, faɗa mini, ni zan isar musu. Kada ka rage komai."

Mun gode, Mama Saja. Allah ya ba ki hutu mai daɗi.