Kitsen da ke kan zuciyata

Assalamu alaikum jama'a. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a nan ba. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, ku yafe ni.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habu, mahauci ne ni a Karaye.

Abin ya fara ne bayan cirar gyaɗa. In na saɓo cinyar sa daga mayanka zuwa teburina, sai ƙirjina ya riƙe, numfashi ya ƙi isa. Na ɗauka olsa ce, na yi ta shan maganinta.

Ranar kasuwar Rogo na yanke jiki na faɗi, wuƙa a hannuna. Yayana Sale ne ya kai ni asibiti, daga can aka tura mu Kano.

Aka ɗebi jini, aka manna min wayoyi a ƙirji, aka yi hoton zuciya. Kwana tara ina kwance. Wani dattijo mutumin Kurugu da ke gadon kusa da ni, kullum da safe muna gaisawa, a gabana aka ja masa zane har kai.

Tun daga ranar abinci ya daina shiga.

Wata likita ta zo da hoton, ta ce, "Malam Habu, kai da ka saba da zuciyar sa, a ina kitse yake zama?"

Na ce, "Ta sama, wajen manyan jijiyoyi, sai ya bi tsagi ya gangaro."

Ta ce, "To haka ta mutum take. Kowa yana da shi, ya fi yawa ta ɓangaren dama. Jijiyoyin da ke ba zuciya jini a cikinsa suke kwance. Naka ya yi kauri sosai, jijiya ɗaya kuma ta tsuke. Ga hawan jini, ga suga."

"Likita, ai ni ba ni da ƙiba."

"Wannan na ciki ne, ba a ganinsa a riga."

Na ce a yanke shi mana. Ta girgiza kai. "Manne yake da tsokar, ba a feɗe shi."

Yaya Sale ya fita waje. Da ya dawo idonsa ja wur, ya ce min ƙura ce.

Yanzu ina gida. Ƙwayoyi huɗu kullum, miya ba mai, ba gishiri sosai. Da safe ina takawa a hankali zuwa bayan gari in dawo. Ciwon ya lafa, alhamdulillahi. Amma an hana ni ɗaukar nauyi, teburina wani ne a kansa. In na biyo ta kasuwa, canza hanya nake yi.

Na gode wa Allah. Na gode wa Yaya Sale, da maiɗakina Hajara da ta jure fushina, da abokan sana'a da ba su bar gidana ya rasa tuwo ba.

'Yan'uwa, ku auna jini da suga ko da kuna jin garau. In ƙirji yana riƙe ku lokacin aiki, ku je asibiti a ranar. Ni na jira wata huɗu, kuma likita ta ce wani waje ya riga ya mutu a tsokar zuciyata, ba zai dawo ba.

Ku sa ni a addu'a.