Amsoshin da Na Goge

Abin da na fara lura da shi da muka shiga ɗakin taro shi ne an rarraba kujeru, kowace nesa da 'yar'uwarta, kuma a kan kowane tebur an ajiye sabon fensir mai magogi a gindi, an riga an fiƙe shi. A makarantarmu ba a jera kujeru haka sai ranar jarrabawa. Tun kafin kowa ya ce komai muka yi tsit, wasu har suna motsa baki da addu'a.

Ina aji biyu na babbar sakandare a lokacin, a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Birnin Kebbi. Wasu baƙi ne suka zo daga asibiti, wata likita da mataimakanta mata biyu. Bincike suke yi a kan yawan damuwa da ƙuncin rai a tsakanin yara masu tasowa. Tun ranar ziyara aka ba iyayenmu takardar neman izini. Babana ya zo daga Argungu da ƙullin bandar kifi, na karanta masa ita a gindin dalbejiya.

"Allura za su yi muku?" ya tambaye ni.

"A'a Baba, tambayoyi ne."

"To ki natsu ki amsa daidai, ɗiyata," ya ce, ya rubuta sunansa da ajami.

Likitar gajera ce, Hausarta ba irin tamu ba, kuma tana magana a hankali. Ta ce wannan ba jarrabawa ba ce, babu ci babu faɗuwa, malamai ba za su ga takardunmu ba, kuma wadda ba ta so tana iya fita. Babu wadda ta fita, babu kuma wadda ta yarda da maganarta. Mun sha jin malami ya ce ɗan gwaji ne kawai, ƙarshen zango mu gan shi a sakamako.

Na buɗe takardar. An rubuta ta da Hausa da Turanci. Tambayar farko tana son sanin ko a 'yan makonnin nan na daina jin daɗin abin da nake so a da. Ta biyu, ko ina farkawa barci ya ƙi komawa. Ta uku, ko ina jin kamar ni nauyi ce a kan mutane. A gaban kowace akwai gidaje uku: ko sau ɗaya, wasu ranaku, kusan kullum.

Na daɗe ina kallonsu. Tun daminar da ta wuce wani abu ya zauna mini a ƙirji. Ba wanda ya rasu mini, ba wanda ya dake ni, shi ya sa ban san yadda zan faɗa ba. Ƙwaryar saƙata tana ƙarƙashin gado da rabin hula a ciki, wata biyar ban taɓa ta ba. Abinci nakan tura wa ta kusa da ni. Ina tsammanin ni kaɗai ce haka a duniya, sai ga shi an buga shi da inji, layi bayan layi. Na sa alama a gidan ƙarshe, sau uku a jere.

Ta gefena 'yar garin Zauro ce, mai barkwanci, kowa na sonta. Ta miƙo wuya ta leƙa.

"Ke 'yar Argungu, mi kinka yi haka?" ta raɗa mini. "Siniyoyi sun ce duk wadda tac cika 'kullum' mota za ta zo a kwashe ta, sai inda aka ɗaure mutane. Goge, goge!"

Ta karkato mini da takardarta kamar yadda take yi a jarrabawar lissafi. Daga sama har ƙasa "ko sau ɗaya" ne. Taimakona take yi, na sani. Na juya fensir na goge, na hure ɓurɓushin, na kwafe nata har ƙarshe. Da ɗaya daga mataimakan ta zo karɓa, ta yi mini murmushi ta ce na gode.

Bayan mako guda aka kira wasu 'yan mata kaɗan zuwa ƙaramin ɗakin da ke jikin ɗakin shan magani. Ba ni a ciki. Mota ba ta kwashi kowa ba, amma suna ya bi su, aka riƙa ce musu 'yan likita. In ɗaya ta yi tuntuɓe a layin abinci sai a ce a yi haƙuri, ba a ba ta maganinta ba.

Ɗaya daga cikinsu gadonta na kallon nawa, 'yar garin Augie ce, shiru-shiru kamar ni. Duk Laraba bayan azahar takan tafi, ta dawo idonta ja. Na riƙa lura da ita. Ban ga ta zama wata daban ba, sai dai an ba ta ƙaramin littafi da take rubuta wani abu a ciki kowace safiya, kuma ta koma wanke farin hijabinta da kanta maimakon ta bar shi ya yi kwanaki a bokiti. Wata rana muna shanya na yi ƙarfin hali.

"Mi suka yi muku can?"

"Ba komai. Likitar tambaya takan yi."

"In kin rasa amsa fa?"

"Sai ta yi shiru ta jira ni."

Na ci gaba da matse zane. Ban taɓa zama da babban mutum da ya jira ni ba. A gida in na yi jinkirin amsa, wani ya amsa a madadina.

Da aka ba mu hutun rabin zango na tafi Argungu. Lokacin yankan shinkafa ne, gidan cike da mata ana turarawa ana shanyawa. Innata ta dube ni ta ce na rame, ta ƙara mini man shanu a tuwo. Da yamma na sami Baba a zaure yana gyaran komarsa ta kamun kifi, zaren a bakinsa.

"Tambayoyin nan, sakamako ya hito?"

"Ba a kira ni ba, Baba. Wasu aka kira."

"Alhamdulillahi, kin ci ke nan," ya ce, ya shafa kaina.

Na fita bakin gulbi na zauna ina kallon masu kwalekwale har aka kira magariba. Kowa ya yi murna da ni, na kuwa rasa wanda zan gaya wa cewa takardar wata ce ta ci.

Da muka koma, Laraba biyu ina zuwa har bakin ƙaramin ɗakin, in tsaya ina ƙirga takalman da ke ƙofa, in wuce kamar famfo zan je. A ta uku 'yar Augie ta ce mini yau ce ta ƙarshe, sun gama da makarantarmu, wadda ke bukata za ta riƙa zuwa asibiti da iyayenta. Na san in na shiga za a gan ni, kafin la'asar sunan ya hau kaina.

Na jira takalma suka ƙare, saura na likitar, baƙaƙe marasa tsini. Na yi sallama. Tana ɗaure takardu da roba, ta ɗago ta amsa, ta nuna mini kujera. Na zauna. Ina jin 'yan ajinmu suna wucewa ta bayan taga suna dariya. Ta ajiye robar, ta zare tabarau, ta jira ni.

"Anti," na ce, "amsoshin da ke takardata ba nawa ba ne. Don Allah ki sake tambayata."