Canjaras a Gidan Samariya

Ni na koya wa maigidana darar Turawa, wadda muke kira eshek. A kwalej na iya ta, kafin aure. Shekarar da gero ya ƙi, soja na mulki, rabin yaran lakwal ɗin da yake koyarwa suka bi iyayensu kudu. Sai ya riƙa dawowa da wuri, mu shimfiɗa tabarma bayan azahar, ina cinye shi yana dariya.

Da ma'aikata suka shirya gasar eshek tsakanin Tasawa da Mayahi, sunansa aka rubuta. Ni aka ce in dama wa baƙi hura, da jar dawar taimako. Ban ƙi ba. Abu guda nake so, ya faɗi gaban mutane, ko sau ɗaya, wanda ya koya mishi.

Na kai ƙwaryar hurar can gidan samariya, inda matasa ke taruwa, na tsaya bakin taga. Maigidana yana karawa da malamin dabbobi na Mayahi. A darar ƙofar gida kowa tsoma baki yake. Nan kuwa ɗan kallo ko tari ba ya yi. Na leƙa allon. In ɗan dararsa da ake kira hasumiya ya sauka layin ƙarshe, tafiya biyu sarkin baƙon ya mutu. Na ciji gefen mayafina. Maigidana ko ya daɗe yana shafa haɓa, sannan ya miƙa wa mutumin hannu. Canjaras. Aka yi ta tafi, ana kiransa da sunan da ake kiran malamin lakwal, "Mushe, ashe haka kake!"

Allah ya yafe mini, ba kuskurensa ya ci ni ba. Kujerar da yake kai nake so.

Washegari na jera 'ya'yan darar yadda suka tsaya, na ce, "Malam, zo ka gani." Na tura hasumiyar. Ya duba, ya ce, "Kai! Ke dai ba ki da kyau."

Muna haka baƙon ya yi sallama, ya zo bankwana. Na shige bayan zana. Ya ga allon, ya yi salati. "Wa ya gano wannan?"

Na dakata da tankaɗen da na soma.

"Ni ne," in ji maigidana, "bayan na natsu."

Wata guda ban sake taɓa allon ba. Shi ma bai tambaye ni dalili ba.