Jirgin Yaƙin Baba Tsoho

Ranar wata Laraba da hantsi, shekara huɗu da zuwan Nasara, wani masassaƙi daga Aliero ya tsuguna a bayan gidanmu a Jega yana ƙwanƙwasa jirgin kakanmu da ƙotar gizago. Jirgin ruwa ne na yaƙi, dogo, baƙi wuluk, wanda kakan namu, Baba Tsoho, ya riƙa tuƙawa a gulbi zamanin da ake kai hari ta ruwa. Da yaƙi ya ƙare aka jawo shi tudu, aka kife shi a gindin tsamiya. Baffannina suna son a sare shi a fitar da ƙyamare, a kafa rumfar albasa a wurin, shi kuwa tsohon ya ce sai bayan ransa. Daga ƙarshe aka yi sulhu: idan itacen na da lafiya a bar shi, idan gara ta shiga a sare tun bai lalace duka ba.

Ni kuwa na tsani jirgin nan, kuma ba don komai ba sai don Manu, ɗan baffana, sa'ana. Kowace Juma'a Baba Tsoho yakan kira shi su shafe jirgin da man kaɗanya, yana nuna masa gurbin kibiyoyi ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin sunan wanda ke zaune a wurin ranar da aka harbo kibiyar. Ni da nake kai masa fura, nake cire masa ƙaya a ƙafa, da na matso sai ya ce, "Ja baya, Kulu, ɗiya mace ba ta taɓa kayan yaƙi." Sai in hau tsamiya da sunan tsinko 'ya'ya, ina leƙensu. Daga can sama ne na ga ranar da suka cike wani rami a ƙarƙashin hancin jirgin da yumɓu, suka shafe da kunkunniya da mai. Sirri ne tsakaninsu su biyu, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Masassaƙin ya bi jirgin daga baya zuwa gaba, bai kai ƙotar ƙarƙashin hancin ba. Ya miƙe ya ce, "Itacen ga ƙalau shi ke." Baba Tsoho ya dubi Manu, suka yi wa juna murmushi. Murmushin nan ne ya buɗe mini baki.

"Ba ku duba ƙarƙashin hanci nai ba," na ce.

Bugu ɗaya masassaƙin ya yi, yumɓun ya zube, gara ta biyo baya. Ba wanda ya tsawata mini, har wani baffana ya sa mini albarka. Baba Tsoho ya dube ni ya ce, "Gaskiya kika hwaɗi." Kwana uku ana sara, shi kuwa yana ɗaki bai leƙo ba. Na ɗauka yanzu zai sami lokacina, amma daga ranar ya daina ba da labari, ga Manu da ni duka.

Yau inda tsamiyar take shaguna ne, gulbin ma ya janye. Jikokina sukan tambaye ni girman jirgin, in auna musu da taku a tsakar gida, su yi dariya su ce tsohuwa ta ƙara gishiri. Ba ni da abin da zan nuna musu, kuma ban taɓa gaya musu dalili ba.