Gwiwar da ta ƙi durƙusawa

Ta ɓular zana na hango saurayina, manomin albasa daga Goronyo, yana gaida babana a tsaye. A gidanmu kuwa mai neman aure durƙusawa yake yi.

"Wanga yaro, mi shika taƙama da shi?" in ji Baba.

Na kasa cin abinci, ni da na gama jere ɗakinmu a zuci. Ashe gwiwarsa ce ta kumbura. Yayana ya raka shi asibiti, ya dawo da bayanin likita: ruwan lafiyayyar gwiwa garau yake, da yauƙi kamar kuɓewa, amma nasa da aka zuƙo tsararo ne, kamar ruwan wankin gero.

Har yau gwiwar ba ta lanƙwasuwa. Shi ne uban 'ya'yana, kuma Baba da kansa yake miƙa masa kujera.