Kwalabe Masu Jan Zare

Kafin masu madara su gama jera bokitansu a kasuwar Margilon, Yaya Sayyora, jami'ar duba abinci, ta riga ta zagaye su, tana ɗiban abin gwaji. Mahauta kan tsokane ta wai ko mai neman aure ba ya shan binciken da namansu ke sha. Ita kuwa ta ce ai mugun miji gida ɗaya zai cuta. Daga nan sai ɗakin gwaje-gwaje na gunduma, ta leƙa firjin asibiti ta tabbata maganin karya guba bai lalace ba, maganin da akan shekara biyar ba a nema ba. Shekara talatin da huɗu tana haka. A watan nan take ajiye aiki.

Da ɗarin bara aka kawo Behruz direba asibiti, yana ganin abu biyu-biyu, haɗiyar yawu ta gagare shi. Maganin nan ne Allah Ya sa ya riƙe shi. Yaya Sayyora ba ta jira sakamako ba, ta nufi gidansa. Ta tarar da ragowar gautar da aka dafa aka rufe a kwalba tun kaka, an ɗaura wa wuyan kwalbar jan zare. Nan ta yi zargin daga ciki gubar ta fito.

Duk unguwa ta san wannan zaren. Na surukata ne, Inna Tursunoy, wadda kowace kaka take cika kwalba sittin ta raba wa maƙwabta, sadaka ga marigayi mijinta. Wa zai zubar da kyautar tsohuwa don murfi ya ɗan kumbura? An adana, ana jiran baƙi. Ɗaya tana kantata, 'yata Shirin mai shekara uku tana ta nacin a buɗe mata ta shafa a gurasa.

Abokan aiki suka ce a manna sanarwa da sunan mai kwalaben. Yaya Sayyora ta ƙi. Ta zo gidanmu, ta cire takalmi, sai da ta sha shayi sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"'Yar nan, tun ba a haife ki ba nake rufe kwalba," in ji Inna. "So kike a ce na kashe mutane?"

"Inna, so nake a ce ke kika cece su. Ke kaɗai kika san gidajen da suka shiga."

Tsohuwa ta ce a miƙo mata sandarta. Haka suka bi ƙofa-ƙofa cikin ƙanƙara, Inna na ƙwanƙwasawa, ita tana tura baro. Kafin la'asar kwalba hamsin da tara sun dawo. Gwaji ya nuna guba a goma sha ɗaya. Har da tawa.

Yaya Sayyora, ke ce garkuwar akushin yara. Kin kwashe guba, kin bar wa tsohuwa mutuncinta. Allah Ya saka miki, Ya ba mu masu halinki a ɗakin da za ki bari.

Iyaye mata, kwalbar da murfinta ya kumbura, ko daga hannun wa ta fito, kada ta hau faifai. Ma'aikata, in za ku ɗauki wani abu a wurin Yaya Sayyora, ku ɗauki duba firjin nan da ba mai gode wa.

Bana Inna da Yaya Sayyora suka rufe kwalaben tare, kowace da takardar "a tafasa kafin a ci". Inna ce ta ce in rubuta sunanta ƙarara a wannan rubutu, kada in sakaya ta. Jan zaren ma yana nan, Shirin ce ta ɗaura.