Baba Safiyo da Gwangwanayensa

Duk wanda ya zauna a Abakpa ya san ba a tambayar Baba Safiyo hanya. Ka ce, "Baba, ina gidan wane?" sai ya gyara tabarau ya ce, "Arewa goma da ɗigo kaza, gabas bakwai da ɗigo kaza." Ka ce ba ka gane ba, ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Kan nan naka na ɗora hula ne kawai?"

Ni surukinsa ne, mijin 'yarsa Zainab, saboda haka na sha wannan tambayar fiye da kowa.

Shekarunsa na aiki duk a awon filaye ya ƙare su. Da ya yi ritaya, wani ɗansa da ke karatu a waje ya ba shi labarin wani wasa: mutum ya ɓoye ɗan akwati, ya ba da lambobin wurin, masu nema su sa lambobin a taswirar waya su bi har su gano. Baba ya ce, "Su ba da lambobin haka tsirara? Ragwaye!" Shi sai ya riƙa ɓoye lambobin a cikin magana. Akwati kuwa bai taɓa saye ba. Gwangwanin madara ne, in Inna, matarsa, ta gama da shi. Takardar kuma bayan tsohuwar kalanda.

Kun tuna Garba tela na Doka? Shi ya fara faɗawa tarko. Baba ya miƙa masa takarda, a ƙarshenta an rubuta, "Ka je wurin mai shayi ka sha biyu." Garba ya tafi ya zauna a benci, ya shanye kofi biyu masu kauri, yana ta kallon mai shayi ko zai ce wani abu. Mai shayi ya karɓi kuɗinsa kawai. Garba ya dawo yana gumi.

"Baba, na sha biyun, ban ga komai ba."

"Sha biyu, Garba! Goma sha biyu! Lamba ce!"

"To mai shayin fa?"

"Wannan don ka ɓata ne. Ka kuwa ɓata."

Da ya gano gwangwanin bayan kwana biyu, a ramin wata katanga a Hayin Banki, dabino ɗaya ya tarar a ciki da takarda: "Ka ci, ka mayar da wani." Garba ya ce wallahi bai taɓa cin dabino mai daɗin wannan ba.

Nawa ya fi na kowa muni. Ranar da iyayena suka je neman auren Zainab, Baba ya karɓe su hannu biyu, aka ci aka sha. Da aka zo kan magana sai ya zaro takarda ya ce, "Ku kai wa yaron. Amsata tana wurin. Ai malamin lissafi ne, ko?"

Na buɗe takardar. Layin farko: "Yatsun hannu biyu, ɗigo, sallolin yini, ka shiga uku, ka tara." Goma, ɗigo, biyar, uku, tara. Layi na biyu: "Ranar suna, ɗigo, ƙafafun akuya, da na 'yar'uwarta." Bakwai, ɗigo, huɗu, huɗu. Cikin minti biyar na warware, har ina yi wa kaina kirari. Sai dai wajen sawa a waya, don zumuɗi, na sa na biyu a gurbin na farko. Taswira ta yi tsalle ta dira a Taraba, can kusa da iyakar Kamaru.

Na ce ba komai. Mutumin nan ya zaga ƙasar nan wajen aiki, wataƙila can ya binne. Washegari da safe na nemi izini a makaranta, na ɗauki jaka, sai tashar Kawo. Ina zaune a mota ana jiran fasinja biyu, waya ta yi ƙara. Baba ne. Ashe da na yi wa Zainab sallama, ita kuma sai ta fashe da kuka a gabansa.

"Malamin lissafi, kana ina?"

"Ina tasha, Baba. Mun kusa cika."

"Zuwa ina?"

"Taraba, Baba."

Sai na ji dariya, dariyar da ta koma tari, har ina jin Inna tana cewa a kawo masa ruwa. Da ya samu numfashi ya ce, "Sauko. Juya lambobin."

Na juya. Unguwarsu ce. Gwangwanin yana gindin mangwaron bayan gidansa, inda nake tsayawa kullum in na zo zance! A ciki an rubuta, "Na ba ka." Na je na durƙusa a gabansa, kunya kamar in nutse. Ya ce, "Wanda zai tafi Taraba saboda 'yata ba zai wulaƙanta ta ba. Amma don Allah, in kun haihu, ka bar mini lissafin jikokina."

Ko a asibiti bai fasa ba. Likita ya tambaye shi, "Baba, ina ne ke ciwo?" Ya ce, "Arewa da cibiya, ka ɗan yi gabas." Likitan ya dube ni. Na ce, "Likita, taɓa kawai, in ka isa zai yi ƙara." Ya taɓa, Baba ya yi ƙara, sannan ya ce, "Yauwa, wannan yaron ya yi karatu."

Muka yi ta dariya a ɗakin nan, har da majinyacin gadon kusa. Ba mu san abin ya riga ya yi nisa ba. Sati uku ya ƙara. Ranar Talata bayan la'asar, ana yayyafi, yana riƙe da hannun Inna, ya cika da kalmar shahada a bakinsa.

Har yanzu in Inna ta zuba abinci, sai ta zuba da nasa, sannan ta tuna.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba Inna haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu zuwan. Amin.